Inji ko fenti: ina ya fi cancanta a zuba wahala a motar 1/24?

Lawwali_124:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. A ganina, duk mai haɗa ƙananan motocin kwaikwayo na ma'aunin 1/24 (wato an rage girman motar gaske sau 24) da ya share makonni yana jera wayoyin filogi da bututun birki a cikin inji, ya zuba ƙarfinsa ne inda ba a gani. Bonet zai rufe, mota ta shiga akwatin gilashi, abin da ido zai fara sauka a kai shi ne fenti, layukan ƙofa, gilashi, da yadda tayoyi suka zauna. In waɗannan ba su yi kyau ba, babu wanda zai damu ya ɗaga bonet. Mai hujjar da ta saɓa wa wannan ya kawo ta. Masu hannu a fenti kuma su taimaka mana da matakan da suke bi daga buɗe kwali har gogen ƙarshe.

Tsohon_Hannu:
Wa alaikumus salam, Malam Lawwali. Maganar ta danganta da abin da ke cikin kwalin. Da yawa daga motocin kamfanonin Aoshima da Fujimi, har da wasu na Tamiya, babu inji a cikinsu sam. Ƙasansa kawai aka fitar a jikin shasi, bonet ɗin ma a haɗe yake da jiki. A irin waɗannan babu abin gardama. Amma ɗauki na AMT ko na Revell na Amurka, waɗanda galibinsu 1/25 ne, za ka tarar kayan inji sun cinye babban kaso na kwalin. Motocin tseren Formula 1 na Tamiya masu ma'aunin 1/20 kuwa, murfin bayansu cirewa ake yi a ajiye a gefe, inji da giyabos su ne abin kallon. Wanda ya sayi irin wannan ya yi watsi da inji ya zubar da rabin abin da ya saya.

Mai_Feshi:
Tunda an nemi matakai, zan fara daga inda aka fi yin sakaci, wato kafin a taɓa fenti.

A wanke jikin motar da ruwan ɗumi da sabulun wanke kwanoni don a cire maiƙo, a bar shi ya bushe da kansa. Daga nan a nemi layin mazubi, siririn tudun da ke fitowa inda ɓangarorin mazubin roba suka haɗu. Yawanci yana tashi daga saman fitilar gaba, ya bi kan fenda, ya hau ginshiƙin gilashi, ya bi gefen rufi, ya sauka ta baya. In ido bai kama shi ba, a shafa baƙar maka a wurin a goge da sanfefa (takardar goge, wadda laushinta ke ƙaruwa da girman lamba) mai lamba 600. Inda baƙin ya rage, nan ne akwai rami ko gefen tudu. A naɗa sanfefar a jikin wani abu mai tauri, don yatsa kaɗai yana bin tudun ne ba ya kwantar da shi.

Layukan ƙofa da bonet da but a zurfafa su tun yanzu, saboda firaima (shafin farko da ake yi kafin fenti) da fenti da kiliya (shafi marar launi da ake rufe fenti da shi) za su cike su. Abin karce mai kaurin milimita 0.15 ko 0.2 ya isa, ko bayan tsinin wuƙa mai lamba 11. Ba a dannawa. A ja a hankali kamar sau goma, nauyin wuƙar kawai. A kwana take zamewa ta yi zane a jikin ƙofa, shi ya sa ake farawa daga kwana a nufi miƙaƙƙen layi.

Ramukan da roba ke yi in ta huce, musamman a bayan wurin da aka yi ƙafar maƙalawa ta ciki, a cike su da fila, wato ƙullin cike rami. Filar bututu ta Tamiya tana shanyewa in ta bushe, a ba ta kwana ɗaya ko biyu kafin a goge. Sufagulu ma yana cike rami kuma ba ya shanyewa, sai dai a goge shi cikin awa ɗaya, in ya kwana ya fi robar tauri, sai sanfefa ta cinye gefensa ta bar shi a tsaye. A ƙarshe a bi jikin gaba ɗaya da sanfefa mai lamba 1000, a sake wankewa, sannan firaima.

Zulai_143:
Malam Mai_Feshi, gyara ɗaya a maganar maka. Tawadarta tana narkewa a cikin firaima mai zafi, wato mai sinadarin da ke narkar da abin da ke ƙasa, ta ɓullo har saman farin fenti ko ruwan ɗorawa. In an yi amfani da ita a tabbata an wanke ta tas da alkohol, har cikin layukan ƙofa. Fensir ya fi aminci.

Sannan launin firaima ba abin wasa ba ne. Toka tana nuna aibi da kyau, amma ja da ruwan ɗorawa da ruwan lemo ba sa rufe toka, sai su fito da duhu. Waɗannan fari suke so a ƙasa, ja kuma ya fi haske a kan ruwan hoda. Hanyar ita ce toka tukuna don duba aibi, a gyara, a bi da fari. In robar kwalin ja ce kuma fari ake son yi, a sa siririn fentin azurfa tsakani, yana taimakawa wajen tare jan.

Mai_Feshi:
Gyaran ya karɓu, Malama Zulai.

Sabon_Shiga:
Ni tambaya ce da ni. Me ke sa fenti ya fito da gurje-gurje kamar ɓawon lemo, alhali firaimar da ke ƙasa sumul take? Fentin gwangwani na TS na Tamiya ne.

Sanfefa2000:
Fentin ne yake fara bushewa a iska kafin ya iso jikin motar, ko ya iso bai da ruwan da zai kwanta. Abu uku ke kawo haka: nisa ya yi yawa, gwangwani ya yi sanyi, ko hannu ya yi sauri. Ka sa gwangwanin a ruwan ɗumi na minti biyar zuwa goma, ɗumin da hannu zai iya zama a ciki, kada ya wuce digiri 40, kuma kada a kusanta shi da wuta ko kaɗan. Ka girgiza shi minti biyu cur. Nisa santimita 20 zuwa 25. Ka fara fesawa kafin ka iso motar, ka saki bayan ka wuce ta, don tofin farko da na ƙarshe kada su sauka a jiki.

Zagaye biyu ko uku na farko yayyafi ne kawai, har kana hango firaima a ƙasa, da minti goma zuwa goma sha biyar a tsakani. Su ne ke ba na gaba wurin kamawa. Daga nan zagaye biyu masu jiƙa: ka rage sauri har ka ga fentin ya ɗauki sheƙi, ka tsaya nan. Daƙiƙa ɗaya bayan wannan sheƙin shi ne zuba. Ka fara da wuraren da ke da wuyar kaiwa, ƙasan ƙofofi da bakin tayoyi da cikin bamba, rufi da bonet su zo ƙarshe. In iska ta cika laima kada ka fesa, fentin zai yi hazo fari-fari.

Mai_Feshi:
Ga masu ƙaramar bindigar feshi, dalilin ɗaya ne, sai dai maganin yana wurin tina, wato ruwan tsinka fenti, da ƙarfin iska. Baki mai milimita 0.3 ko 0.5, iska 15 zuwa 20 psi, nisa santimita 8 zuwa 12. Fentin Mr. Color yana son kashi ɗaya na fenti da ɗaya da rabi zuwa biyu na tina, kuma Mr. Leveling Thinner ya fi saboda yana jinkirta bushewa har fentin ya kwanta. Zagayen ƙarshe a ƙara tina. Kwamfuresa ta kasance da matarin ruwa, in ba haka ba wata rana za ta tofa ɗigo a tsakiyar rufi.

Garba_V8:
An tafi fenti an bar mu, to ga amsar masu inji. Malam Lawwali, abin da ke sa aikin inji ya zama ɓata lokaci shi ne yin sa ba da lissafi ba. Komai raba shi ake yi da 24. Wayar filogi ta gaske milimita 7 ko 8 ce, a ƙaramar mota ta zama 0.3. Mutum ya sa waya mai 0.6 ya yi wayar filogi mai kaurin milimita 14 ke nan, kuma ido yana gane ƙaryar ko bai san dalili ba. Bututun birki kusan 4.75 ne, ya koma 0.2. Tiyon lagireto mai kusan 38 ya koma kusan 1.6, kuma wayar dalma ta soda ta fi dacewa da shi don tana lanƙwasa ta zauna inda aka sa ta.

Yadda ake yi: a huda kan silinda da abin huda na hannu mai 0.4 kafin a yi fenti. A huda tsakiyar distibuta, wato abin da ke rarraba wuta ga filogi, a cusa wayoyi tara a dunƙule, takwas na filogi ɗaya na koyil, ko a huda kowane ƙaho daban in hannu ya zauna. Hular filogi kuwa, a zare rigar wata waya da ta ɗan fi kauri, a yanka milimita ɗaya da rabi a zura. Abu mafi muhimmanci shi ne wayoyin su kwanta. Na gaske suna da nauyi, suna bin jikin inji a jere. In suka tashi sama suka yi baka, gara ba a sa ba. A danna su da tsinke, a kama su da ɗigon gam a inda ba a gani.

Ƙaramin injin V8 (mai silinda takwas) na Chevrolet, tsarin wutarsa, wato jerin yadda wuta ke bin silinda, 1-8-4-3-6-5-7-2 ne, distibuta a baya, tana juyawa yadda agogo ke juyawa. Silinda 1, 3, 5, 7 suna hagu in kana zaune a mota, 2, 4, 6, 8 suna dama. Yamma ɗaya ta isa a gama wannan, ba makonni ba.

Tsohon_Hannu:
A kula kada a ɗauki tsarin da Malam Garba ya kawo a ɗora wa kowane V8. Na Ford 289 da tsohon 302 daban ne: distibuta a gaba take, tana juyawa akasin agogo, silinda 1 zuwa 4 a dama, 5 zuwa 8 a hagu, tsarin wuta 1-5-4-2-6-3-7-8. Haka kuma motocin zamani masu koyil a kan kowane filogi ba su da waɗannan wayoyin gaba ɗaya. A nemi hotunan ainihin motar da shekararta kafin a huda komai.

Lawwali_124:
Malam Garba, lissafin ya gamsar da ni, amma tambayata tana nan. Mutum nawa ne za su bi waya mai milimita 0.3 su ga ta tafi silinda ta takwas ko ta huɗu? Tabo ɗaya a bonet kuwa daga ƙofar ɗaki ake hango shi.

Garba_V8:
Mai motar ya sani, kuma alƙalin gasa yana dubawa da tocila. Ban da haka, ba wayoyi ne kaɗai aikin inji ba. Abin da ya fi fito da inji shi ne bambanta launin ƙarfe. Takardar kwali za ta ce azurfa a wuri biyar, amma a gaske alminiyon da aka zuba a mazubi, da ƙarfen salansa, da kan noti ba launinsu ɗaya ba. A lambobin fentin Tamiya, XF-16 ga giyabos, XF-56 ga abin da ya fi duhu, X-10 ga ƙarfen da ya sha wuta, X-11 ga noti. Baƙi ma uku ne: XF-1 marar sheƙi, X-18 mai matsakaicin sheƙi, XF-85 na tiyo da bel. Salansa a bi ta da ɗan X-26 kusa da inji, da ɗan X-23 a lanƙwasa, ta nuna zafi ya taɓa ta. A ƙarshe a zuba tsinkakken baƙin inamel ya shiga lunguna. Ko waya ɗaya ba a sa ba, wannan ya raba shi da abin wasan yara.

Hajiya_Sitika:
Bari in shigo da abin da ya fi lalata motocin tsere, wato sitikar ruwa da kiliya. Sitika ba ta zama sai a kan fenti mai sheƙi. A kan marar sheƙi iska na maƙalewa a ƙasanta, gefenta ya yi fari-fari. A yanko ɗaya bayan ɗaya, a tsoma a ruwan ɗumi daƙiƙa goma zuwa ashirin, a ajiye a kan tsumma har ta fara zamewa da kanta. Ba a tilasta mata. A shafa Micro Set, ruwan da ke taimaka wa sitika kamawa, a wurin, a zamo ta daga takarda kai tsaye, a mirgina tsinken auduga daga tsakiya zuwa gefe. In wurin mai lanƙwasa ne a shafa Micro Sol, ruwan da ke tausasa sitika, a sama. Za ta yamutse, kuma a nan ne mutane ke tsorata su taɓa ta ta yage. A ƙyale ta, za ta miƙe da kanta. Inda ta haye layin ƙofa, a bari ta bushe a tsaga da sabuwar wuƙa, a ƙara Sol.

Kafin kiliya a ba ta kwana biyu, a goge ragowar gam da ɗanyen tsumma. TS-13, wato kiliyar gwangwani ta Tamiya, yana da zafi a kan sitika, in aka jiƙa shi tashi ɗaya zai ƙona ta. Yayyafi uku daga nesa, rabin awa tsakani, sannan a fara jiƙawa.

Dan_Tsere76:
Hajiya, ni a nan na rabu da jama'a. Me ya sa za a binne sitika a ƙarƙashin kiliya? A yawancin motocin tsere na gaske, tambarin kamfanoni manna su ake yi a saman fenti, sheƙinsu ma ya bambanta da na jiki. Motocin tseren shekarun 1960 da 1970 kuma ba su da irin ƙyallin da ake ba su yanzu a teburin gasa. In gaskiya ake nema, a yi kiliya a goge, a sa sitika a sama, a tsaya.

Hajiya_Sitika:
Ta fuskar kama da gaske kana da hujja, ɗan'uwa. Ta fuskar daɗewa kuma, sitikar da ba a rufe ba tana bushewa da shekaru, ta tsage ko gefenta ya ɗaga, wurin da babu launi ya koma ruwan ɗorawa. Tsaka-tsakin shi ne siririn kiliya zagaye biyu don kariya kawai, ba tare da an goge tudun gefen ba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Sanfefa2000:
Ga masu son tudun ya ɓace, ga yadda ake yi. Bayan kiliya zagaye uku ko huɗu masu jiƙa, a jira mako guda. A goge kan sitikar da 2000 da ruwa har gefen ya daina jin yatsa, a ƙara zagaye ɗaya, a sake jiran mako. Sannan gogen ƙarshe: 3000, ko ƙyallen goge na Micro-Mesh daga 3200, 3600, 4000, 6000, 8000 har 12000, kowace lamba a canza alƙiblar gogen don a ga ta share zanen wadda ta gabace ta. Daga nan man goge na Tamiya, matakinsa uku, kowanne da tsummansa.

Gefuna da tudu su ne haɗarin, domin fenti yana gudu daga kaifi, nan ya fi siranta. A rufe su da siririn tef, ko a kauce musu sam. In aka ga launin mota a jikin tsumma, kiliya ta huje, a tsaya nan take. Gwajin bushewa kuwa hanci ne: in ka kai motar hanci kana jin warin tina, ba ta shirya ba. Inamel yana iya kai makonni.

Zulai_143:
Tunda an ambaci inamel, a tuna da tsarin hawa. Lakka, irin TS da Mr. Color, tinarta ta fi kowacce zafi. Ita ce ke zama a ƙasa, inamel ko akirilik su hau kanta lafiya. In aka juya, aka jiƙa lakka a kan inamel, sai ƙasan ya yamutse ya tsattsage. Duk haɗin da ba a saba da shi ba a gwada shi a bayan cokalin roba, daga firaima har kiliya, da irin jiran da za a yi wa motar.

Bala_2K:
Duk wannan jira da goge, kiliyar 2K, wadda ake haɗa ta da sinadarin da ke taurara ta, ta raba gardama. A haɗa da mai taurarawa yadda kamfanin ya rubuta, yayyafi ɗaya, jiƙa biyu, washegari ta yi tauri, kuma ba ta cin sitika.

Tsohon_Hannu:
Malam Bala, ka faɗi daɗin ka bar sauran. Mai taurarawar 2K yana ɗauke da sinadarin aisosayanet, wanda ke iya jawo ciwon asma na dindindin. Takunkumin ƙura ba ya tare shi. Ko takunkumi mai matatar tururi ba cikakkiyar kariya ba ce, shi ya sa masu fentin manyan motoci ke amfani da wanda ake turo wa iska daga waje. Wanda ba shi da akwatin feshi mai fitar da iska waje, da safar hannu, da abin kare ido, ya bar 2K. Kuma a wanke bindiga nan take, in ta taurare a ciki babu tinar da za ta narkar da ita.

Na biyu, lissafin Malam Garba ya hau kan fenti ma. Fentin motar gaske daga masana'anta, duka-duka, bai fi milimita 0.1 zuwa 0.15 ba. Raba da 24 ka ga abin da ya rage. Ba mai iya kai wa can, amma duk zagayen da aka ƙara nisanta ake yi. 2K mai kauri tana cike layin ƙofa, ta taru a gefen bonet, ta mayar da kaifin jiki kumburarre. Sheƙi ya samu, siffar mota ta tafi. Haka fenti mai ƙyalƙyali na manyan motoci, ƙwayoyinsa sun yi wa 1/24 girma.

Bala_2K:
In an ƙara mata tina aka yi zagaye ɗaya mai jiƙa ba ta kumbura. Maganar lafiya kuwa ban musa ba.

MaiHantsaki:
Ba wanda ya taɓo kurom, alhali yana cikin abin da Malam Lawwali ya ce ido na fara gani. Kurom ɗin kwali yakan yi kauri, ga layin mazubi a gefen bamba, ga tabon inda aka yanko. A jiƙa shi a bilic har ya fita, wani minti kaɗan, wani sa'o'i. Sau da yawa akwai wani kiliya a ƙasa da bilic ba ya cirewa, wannan sai maganin wanke oben, da safar hannu, kuma ba a haɗa bilic da wani sinadari. A gyara layin, a fesa baƙi mai sheƙi sosai, a bar shi ya bushe. Fentin Alclad II na kurom a fesa shi da iska 12 zuwa 15 psi, ƙura-ƙura, a tsaya da zarar baƙin ya kusa ɓacewa. Zagaye ɗaya na ƙari ya mayar da shi azurfa kawai. Fentin kurom na Molotow ya fi sauƙi amma yana son kwanaki kafin a taɓa shi, kuma yatsa yana dusashe shi.

Zagayen gilashi da layin gefe kuwa Bare-Metal Foil ne, siririn fallen ƙarfe mai gam a baya. A yanko ya ɗan fi wurin faɗi, a kwantar da tsinken auduga, a bi lungu da tsinken sakace, a yanke da wuƙar da ba a taɓa amfani da ita ba. Tsohuwar wuƙa yaga take yi. In an bar kurom ɗin kwali, a kankare wurin da gam zai taɓa, gam na roba ba ya kama kurom ko fenti.

Zulai_143:
Gilashi kuma kada sufagulu ya kusance shi. Tururinsa yana barin farin hazo, ya fi kama inda yatsa ya taɓa. Gam mai narka roba ma in ya bi ƙarƙashin yatsa ya gama da gilashin. Farin gam ko Micro Kristal Klear, ko ifoksi mai minti biyar in gilashin yana turjiya. Robar gilashi tana da gautsi, a yanko ta nesa da jiki da ƙaramin zarto, a goge ragowar. Baƙin zagayen gilashi daga ciki ake fentinsa. Ƙaramin zane yana fita da 2000 zuwa 12000 da man goge, kamar na kiliya.

Lawwali_124:
To ku duba yawan abin da aka lissafa a jiki kaɗai: layin mazubi, firaima, fenti, sitika, kiliya, goge, kurom, gilashi. Wannan ai ya ƙarfafa maganata. Wanda bai ƙware a waɗannan ba ina ya ga lokacin distibuta?

Garba_V8:
Lokacin yana cikin lissafinka, Malam. Mako biyu na jiran kiliya da aka ambata, me hannu zai yi a ciki? Nan ne ake inji da cikin mota. Kuma ɓangarorin biyu suna cin karo in ba a yi hattara ba. An sa wayoyi da matatar iska, bonet ya ƙi rufuwa da rabin milimita, wanda a gaske santimita ɗaya ne da ɗoriya. Shi ya sa ake haɗa jiki da shasi da inji da tef tun kafin firaima, a sake gwadawa bayan an gama inji. Bonet kuma a ɗora shi a jiki lokacin fesa launi, musamman mai ƙyalƙyali, in ba haka ba launinsu zai bambanta.

Tsohon_Hannu:
Akwai abin da ba inji ba ne ba kuma fenti ba, amma yana kayar da mota ko ta fi kowacce sheƙi, wato zama. Taya huɗu su taɓa ƙasa, kowacce ta zauna a tsakiyar bakinta. A gwada a kan faifan gilashi. In ba irin masu zoben roba na Tamiya ba ne, a manna tayoyin a ƙarshe da ifoksi mai jinkiri, a tokare su da abu mai kusurwa daidai har ya kama. Milimita ɗaya a tsayi kusan santimita biyu da rabi ne a gaske. Layin da ke tsakiyar taya a goge shi da 400 har sheƙin ya mutu. Wasu tayoyin roba mai laushi, musamman na tsofaffin kwalaye, suna narkar da robar da suka daɗe suna taɓawa, don haka a yi wa rim fenti har inda taya ke zama, kuma kada a ajiye su a jikin gilashi a cikin kwali.

Hajiya_Sitika:
Cikin mota ma ta gilashi ake ganinsa. Bel ɗin motar gida milimita 2, na tsere mai inci uku milimita 3. Kafet: a yi fenti da launin da ake so, a shafa tsinkakken farin gam yanki-yanki, a barbaɗa garin kafet ta rariya, a danna, a kakkaɓe bayan ya bushe. Agogon dashbod a ɗiga masa kiliya bayan sitika ya zama gilashi. Layin ƙofa kuma baƙi ya yi wa farar mota ƙarfi, toka ta fi, ja da ruwan ɗorawa kuma ruwan ƙasa mai duhu. Panel Line Accent Color, tsinkakken fentin Tamiya na fito da layuka, inamel ne, a kan fenti ake sa shi, a share da ɗan tinar inamel ta X-20. In ya taru a kan tsirarar roba da ke cikin matsi yana iya fasa ta.

Sabon_Shiga:
Na gode ƙwarai. In fentin ya riga ya lalace fa, ana iya cire shi ko sai sabon kwali?

Mai_Feshi:
In gurje ne kawai ba sai an cire ba. Ka bar shi ya bushe mako guda, ka kwantar da shi da 1500 ko 2000 da ruwa, ka sake zagaye ɗaya mai jiƙa. In ya zuba ko ya tsattsage, ka nutsar da jikin a alkohol na aisofurofil mai ƙarfin kashi 90 ko fiye, a cikin mazubi mai murfi, nesa da wuta. TS da akirilik suna saki cikin sa'o'i zuwa kwana ɗaya, ka bi da tsohon buroshin haƙori. Inamel ya fi jin maganin wanke oben. Tinar lakka kada ka jiƙa roba a cikinta, narkewa za ta yi, man birki kuma yana sa wata robar ta yi gautsi. Filar da ka sa tana iya fita tare da fentin, ka sake duba wuraren, ka bi layukan ƙofa da tsinke kafin sabuwar firaima.